Wane suna za mu ba R0 da Hausa?

Salamu alaikum ƴan uwa. Wata kalma ce ta tsaya mini, na kawo ta gabanku. Aikina fassara saƙonnin kiwon lafiya daga Faransanci don a karanta a rediyo a nan Maraɗi. Cikin wata takarda a kan baƙon dauro na iske abin da likitoci ke rubutawa R0, cikakken sunansa kuwa taux de reproduction de base. Ba na so in karanta wa tsohuwar da ke saurare a Tibiri "er zero" in wuce.

Ga abin da ake nufi. Mutum ɗaya ya shigo da cuta garin da ba wanda ya taɓa yin ta, ba wanda aka yi wa rigakafi. Mutum nawa zai shafa wa kafin ya warke ko ya rasu? Matsakaicin wannan adadi shi ne R0. In uku ne, ɗaya ya shafa wa 3, su kuma 9, daga nan 27, sai 81. In bai kai ɗaya ba, misali masu cuta goma suka shafa wa bakwai, bakwai suka shafa wa biyar, cutar za ta mutu don kanta.

Lissafin ya daɗe. Ronald Ross, wanda ya gano a 1897 cewa sauro ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓin maleriya, shi ya nuna da alƙalami cewa ba sai an kashe sauro duka ba, a dai rage shi ƙasa da wani mataki zazzaɓin ya fara ja da baya. A 1927 wasu masana biyu, Kermack da McKendrick, suka raba mutanen gari gida uku: waɗanda ba su kamu ba, masu ɗauke da cutar, da waɗanda suka fita daga cikinta, suka lissafa yadda mutane ke ƙaura daga wannan gida zuwa wancan. Annoba kan tsaya ne in gidan farko ya ragu, ko da da sauran mutane a cikinsa.

Fassarar da ta fara zo mini "adadin haihuwa" ce, don Turawan ma wajen masu lissafin yawan jama'a suka aro kalmar. Na jefar da ita. In ka faɗi haka a rediyo, kowa zai ɗauka maganar tazarar haihuwa ake yi, wasu ma su kashe akwatin.

Na gwada "lambar yaɗuwa". Wata Hajiya ungozoma da na karanta wa ta tsayar da ni: "Ɗana, a wajenmu lamba ai ta hannun yaro ce." Gaskiya ta faɗa. Wanda aka yi wa lamba an yi masa rigakafi, to yaya za a sa wa cuta wannan suna?

Abin da nake kawo muku shi ne AWON YAƊO.

Awo kowa ya san shi, daga tiya har zuwa awon ciki a asibiti. Yaɗo kuwa na ɗauko shi daga gona, yaɗon wake da kabewa da duma: gindi ɗaya, rassa su bi ƙasa, kowane reshe ya fitar da nasa. Abin da ya sa na fi son sa a kan "yaɗuwa" shi ne, manomi ya san yaɗo ba halin iri ba ne kaɗai. Wake guda ne, a fadamar Gulbi ya rufe ƙasa, a jigawa mai ƙarancin ruwa ya tsaya cik. R0 ma haka yake, ya danganta da cunkoso, da ruwan sha, da yawan cuɗanya. Ku tuna kwalarar da ta tashi a Madarunfa cikin daminar 2018, a yankin da ake shige da fice da Jibiya kullum. Ƙwaya ɗaya ce da ta ko'ina, wuri da lokaci ne suka ba ta ƙasar yin yaɗo.

Ƙari bayan amsoshinku:

Malam, ranka ya daɗe, na ga gyaranka, cewa yaɗo abu ne mai sanyi alhali annoba wutar daji ce, a ce "ƙarfin harbi". Na yi ta juya shi. Sai dai R0 ba ya faɗin sauri ko tsanani, yawan rassa kawai yake ƙirgawa. Ebola ta Afirka ta Yamma a 2014 ta kashe mutane fiye da 11,000, amma nata awon bai wuce wajen biyu ba. Na baƙon dauro kuwa tsakanin 12 da 18 ake ƙiyasta shi. In muka ce "ƙarfi", mai sauraro zai zaci wadda ta fi kisa ita ta fi lissafi.

Ƙanwata ɗalibar Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ta tambayi sifirin da ke jikin R: yana nufin farkon shigowar cuta ne, kafin a yi komai. Don haka R0 ya zama "awon yaɗo na fari". Wanda ake bi kullum bayan an fara allura da killace marasa lafiya, shi ne "awon yaɗo na yanzu", kuma shi ake ƙoƙarin dannewa ƙasa da ɗaya.

Ga jimlar da zan karanta ran Laraba, ku duba mini ita: "Awon yaɗon baƙon dauro babba ne. Yaro ɗaya na iya shafa wa yara goma sha biyar a inda ba a yi lamba ba. In goma sha huɗu cikinsu na da rigakafi, reshe ɗaya kaɗai zai samu wurin kamawa. Shi ya sa likitoci ke son a yi wa yara 95 cikin 100, kuma sau biyu."