Bindigar kakanmu mai baki biyu, za ta ɗauki harsashin yanzu kuwa?

Yaron_Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin bindigar farauta ku taimaka min. Bayan rasuwar babanmu muna kwashe kayan ɗakinshi nan Aboabo a Kumasi sai muka tarar da bindigar kakanmu ƙarƙashin gado naɗe cikin tsohon bargo, mai baki biyu ce, irin mai 'yan kunnuwan nan a waje da sai ka ja su baya da babban yatsa kafin ka harba. Kakan namu fataucin goro ya yi, an ce tun kafin Ghana ta samu 'yanci a 1957 take hannunshi kuma shi ma ba sabuwa ya saya ba. Yanzu kawuna na Ejura ya matsa wai in kawo mishi, akrantie, manyan ɓerayen dajin nan, sun dame shi a gonar masara, har ya sayi katirij ɗin nan ja na AA an rubuta 12 da 70 a jiki, ya zo da guda biyu muka gwada suka shige sumul bindiga ta rufu ƙas. Abin da ya tsaya min a rai shi ne jikin bututun, akwai wani zane kamar igiyar ruwa ko zanen lalle tun daga gindi har baki, ban taɓa ganin irinshi ba. Ado ne ko matsala? A harba ko a bari?

Sharp_Asawase:
Massa 12 ai 12 ce, tunda ya shiga ta rufu me kuma kake jira. Ƙarfen da ya fi na yanzu wlh. In kana tsoro ka ɗaure ta jikin tayar mota ka sa igiya a kunama ka koma bayan bishiya ka ja, in ba ta fashe ba shikenan.

Baba_Tafo:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Kar ka harba tukuna, kuma kar ka bi ta Sharp, shi ba hannunshi ne zai riƙe bututun ba.

Zanen nan da ka gani ba ado ba ne, yadda aka ƙera bututun ne, Turawa na ce mishi Damaskas. Ba sandar ƙarfe ɗaya aka huda ba, siraran ƙarfe iri biyu ake murɗawa kamar tufkar igiya a nannaɗe jikin sanda a yi ta duka da wuta har su haɗe, to kowane layi da idonka ya gani gaɓa ce, kuma tsatsa ta nan take bi ta ci ciki, waje yana sheƙi ciki ya zama kamar itacen da gara ta gama da shi. Balle a damshin Kumasi shekara nawa cikin bargo. Yawancin irinsu baƙin albarushi aka yi su domin shi, mai hayaƙin nan irin na adaka, shi kuwa albarushin katirij ɗin yanzu marar hayaƙi ne kuma ƙarfin da yake bugun bututu ya fi wancan.

Sai maganar shiga. 12 ɗin lambar faɗin bututu ce, shi kuwa 70 ɗin tsawon ƙwanson ne a milimita BAYAN an harba bakinshi ya buɗe, kafin a harba a naɗe yake shi ya sa ya fi haka gajarta. Tsoffin bindigogin Ingila galibi gurbin harsashinsu inci 2 da rabi ne, wato 65, to na 70 zai shige lafiya lau ya rufu, sai an harba bakin ya rasa wurin buɗewa ya miƙe cikin inda bututun ya fara tsukewa, matsi ya ƙaru kan wanda dama ya yi mata yawa. AA ko BB kuma girman dalmar ne kawai, ba ruwanshi da wannan lissafin.

Ga aikin da za ka yi. Ka tabbata babu komai ciki, ka cire katakon gaba, ka karya ta bututun zai fito, ka juya ƙasanshi wurin da yake shafaffe za ka ga ƙananan hatimai. In ta Birmingham ce, can akwai gidan gwajin bindiga tun 1813 har yau yana aiki, ka nemi kambi da NP a ƙarƙashi ko BNP, ko an rubuta NITRO PROOF ɓaro-ɓaro. In ka ga ELG cikin da'ira mai kamar ƙwai ta Beljiyam ce, garin Liège, can kuma zaki da PV ne alamar an gwada ta da marar hayaƙi. Sannan ka rataya bututun da zare ka ɗan ƙwanƙwasa da bayan cokali, lafiyayye yana amo kamar ƙararrawa, in ya yi ɗif ko ka ji kaca-kaca to haɗin da ya riƙe bututun biyu ya saki. Ka ɗaga shi wajen haske ka leƙa ko akwai ramuka ko loɓawa. Gwajin taya kuwa abin da zai gaya maka kawai shi ne ba ta fashe a wannan harbin ba, wataƙila ma shi ne zai fara tsaga ta ta ƙarasa a hannun kawunka.

Hajiya_Alabar:
Ni ban san hatimi ba amma na san hannu. Ƙanin mijina wajen Atebubu haka ya yi da tsohuwar bindigar ubanshi, shekara biyu yana harbi da ita ba abin da ya faru har yana yi wa mutane dariya, rana ɗaya ta tsage daidai inda hannun hagu yake riƙewa, yanzu yatsu uku ne a hannun, alwala ma sai ya yi dabara. Kuma ɗana ka bincika takarda, lasin bindiga a Ghana da sunan mutum ɗaya yake kuma duk shekara ake sabuntawa wajen 'yan sanda, ba a gadonshi kamar fili. Ka sa ta cikin buhu ka hau motar Ejura a tare ku a bariya, wa zai tsaya jin labarin kakanka?

Baba_Tafo:
Hajiya ta yi gaskiya. In ƙara, ba wai duk mai zanen nan ce ta mutu ba, a Ingila har yanzu ana farauta da wasu, amma waɗanda aka auna kaurin bututunsu da na'ura aka sake gwada su, kuma katirij mai sauƙi na 65 suke sa musu, na dalma, ba mai ƙwayar ƙarfe ba dan shi yana kumbura bakin tsohon bututu. Ni dai a shagunan nan ban cika ganin na 65 ba. Kuma kar wani a Magazine, unguwar makanikan Kumasi, ya ce zai ƙara maka zurfin gurbin ko ya bi da walda, naman ƙarfen zai rage daidai inda aka fi buƙatarshi.

Yaron_Aboabo:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Na cire bayan la'asar na goge da man inji da tsumma. Akwai kambi da BP, wani kambin da BV, sai 12 da C cikin wani abu kamar daimon, NP kam na duba har da tocilan waya babu. Na rataya na buga, wlh kamar ka bugi tukunyar da ta tsage, kuma bututun dama akwai ramuka baƙaƙe kamar taƙi ɗaya daga gindi. Na kira kawu na gaya mishi ya ce wai mun cika boko, ubanshi ya kashe gada da ita ba adadi, na ce kawu da baƙin albarushi ya kashe su, sai ya kashe waya. Mama ta ce a bar ta a gida dan tunawa. Hajiya dan Allah ko ajiyewa kawai za a yi sai an mayar da takardar sunana? Na samu wata tsohuwar takarda cikin akwatin baba amma sunan kakanmu ne a jiki kuma rabinta asu ya cinye.