Da gaske majalisar Amurka ta 80 "majalisar zaman banza" ce?

Ɗan Alƙalami: Shugaba Harry Truman, ɗan jam'iyyar Democrat, ya ci zaɓen 1948 da zargin cewa majalisar dokoki ta 80, wadda ta zauna daga 3 ga Janairu 1947 zuwa 3 ga Janairu 1949, ba ta tsinana komai ba. Ni dai ina ganin ya faɗi gaskiya. Ya kira su zama na musamman ranar 26 ga Yuli 1948, suka watse 7 ga Agusta, babu wani abin kirki a hannu.

Malama: Ƙanena, mako biyu ka ɗauka ka auna shekara biyu da su. Dokoki 906 majalisar nan ta zartar. Ita ta amince da dala miliyan 400 ga Girka da Turkiyya a Mayun 1947, ita ta yi dokar tsaro ta Yuli 1947 da ta haifi hukumar leƙen asiri ta CIA ta kuma ware sojojin sama su ci gashin kansu, sannan shirin Marshall na farfaɗo da Turai a Afrilun 1948. Duk buƙatun Truman ne, 'yan adawa suka biya masa.

Baba Tsoho: Ku fara duba su wa ke zaune a ciki. Dattawa kujera 96 ce: Republican 51, Democrat 45. Wakilai kuwa 246 da 188, sai kujera ɗaya ta wata ƙaramar jam'iyyar ƙwadago daga New York. Kakaki Joseph Martin. Kujerar mataimakin shugaban ƙasa, wanda bisa doka shi ke shugabantar dattawa, babu kowa tun rasuwar Shugaba Roosevelt da Truman ya gada, shi ya sa Sanata Arthur Vandenberg na Republican ke jan zaman dattawa, kuma shi ya lallaɓo jam'iyyarsa a kan harkar waje. Ta cikin gida kuwa a hannun Sanata Robert Taft na Republican take. Majalisa ɗaya, linzami biyu.

Ɗan Alƙalami: To Baba, ai ka kawo ni gida. Ta cikin gida nake magana. Ƙudirin gina gidaje da shi kansa Taft ya sa wa hannu ya wuce dattawa, ya maƙale a wakilai. Mafi ƙarancin albashi ya tsaya a sent 40 a awa, sai majalisar da ta biyo baya ta kai shi 75 a 1949. Abin da suka yi wa ma'aikaci shi ne dokar Taft-Hartley da ta ɗaure wa ƙungiyoyin ƙwadago hannu.

Malama: Ka ga ka sauya magana. Yin abin da ba ka so daban, zaman banza daban. Kuma yi lissafin ƙuri'ar: Truman ya hau kujerar na-ƙi, ana bukatar kashi biyu cikin uku don a ture shi. Wakilai suka ba da 331 da 83 ranar 20 ga Yuni 1947, dattawa 68 da 25 ranar 23 ga watan. Republican 51 ne kacal, ina 68 ta fito? Aƙalla 17 'yan jam'iyyar Truman ne, galibi daga kudu.

Baba Tsoho: Haka ma zaman Yuli ɗin. Ƙudirin soke harajin kaɗa ƙuri'a, wanda ake tauye baƙar fata da shi a kudu, sanatocin Democrat na kudu ne suka riƙe bakin magana suna ta zuba har aka janye shi. Dokar dattawa a lokacin sai kashi biyu cikin uku ke rufe muhawara. Truman ya san haka sarai, tarko ya ɗana: a babban taron jam'iyyarsa a Philadelphia ya sanar da kiran, ya ce su zo su aiwatar da alƙawuran da suka rubuta wa masu zaɓe. In sun yi, yabo nasa. In sun ƙi, ga waƙar kamfe.

Ɗan Alƙalami: Tarko ko ba tarko ba, Baba, 'yan Republican su suka zura ƙafa. A Nuwamba suka rasa kujera 75 a wakilai, 9 a dattawa.

Malama: Sun rasa kam. Amma wadda ta gaje su, mai rinjayen Democrat 263 a wakilai da 54 a dattawa, ta yi alƙawarin soke Taft-Hartley ta kasa. Har yau dokar na aiki.