Zabura waƙa ce, amma a bakina sai ta koma kamar sanarwa

Maman Uku:

Salama a gare ku 'yan'uwa. Ina da tambaya da ta daɗe tana cina.

Mukan yi sujadar iyali da dare kafin a kwanta. Maigida ya buɗe da addu'a, ni in yi karatu. Kwanakin nan Zabura muke bi ɗaya bayan ɗaya. Ni mai son rubutacciyar waƙa ce tun ina makaranta, har yau ina da littafin da nake zuba baitocina a ciki, maigida kaɗai ya taɓa gani. Shi ya sa abin ke min zafi: in na karanta Zabura, sai ta fito kamar sanarwar ranar Lahadi. Autar tana gyangyaɗi, na tsakiya yana wasa da yatsun ƙafarsa. Babban, ɗan shekara 12, shi ya tsayar da ni ya ce, "Mama, kin ce waƙa ce, to ina amsa-amon?" Na rasa abin faɗa masa.

Na biyu, mun kusa Zabura 88. Na leƙa ta ni kaɗai, na ga babu ta'aziyya ko a ayar ƙarshe, da duhu ta rufe. In karanta wa yara, ko in tsallake?

Malamin Lahadi:

Mama, ki gaishe min da yaron nan, tambayarsa ta masu ilimi ce. Mawaƙan Ibraniyawa ba su dogara da amsa-amo a ƙarshen ɗango ba. Ma'ana ce ke amsa ma'ana: ɗango na farko ya faɗi abu, na biyu ya mayar masa. Wani bishof ɗan Ingila, Robert Lowth, ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa na 1753, har yau ana komawa gare shi.

Duba Zabura 19:1. Rabin farko sammai ne ke shelar ɗaukakar Allah, rabi na biyu sararin sama ke nuna aikin hannuwansa. Magana ɗaya ce aka sake ta da wasu kalmomi. Wani lokaci kuma na biyun kishiya yake kawowa, kamar Karin Magana 15:1, inda amsa mai taushi ke kwantar da fushi, magana mai zafi kuwa ta tone shi.

To ki daina karantawa ke kaɗai. Ki ɗauki ɗango na farko, ki tsaya ki ja numfashi, yaron ya ɗauki na biyu. Shi da kansa zai ji inda amsar take. Ki gwada Zabura 136, ayoyinta 26 ne, kowace da amshi iri ɗaya kan madawwamiyar ƙaunar Allah. Ko autar da ba ta iya karatu ba za ta riƙe amshin.

Kakar Yara:

'Yata, kar ki tsallake. Da Ubangiji ya ɗauki mijina, mutane sun cika gida suna karanta min Zabura 23, Allah ya saka musu. Amma in dare ya raba kowa ya tafi, 88 nake buɗewa, don ita ce ta iya faɗin abin da bakina ya kasa. Mai waƙar bai sami amsa ba, amma lura da kyau, tun daga ayar farko Allah yake kira, dare da rana, bai juya ga wani ba. Ai wannan ma bangaskiya ce.

Ubangijinmu Yesu a kan gicciye, farkon Zabura 22 ya ɗauka ya yi kuka da shi, yana nan a Matiyu 27:46. In yaro ya tashi yana zaton addu'a murna ce kawai, ranar da baƙin ciki ya same shi zai yi shiru, ya ɗauka ba a zuwa gaban Allah da hawaye. Na ga wannan a cikin jikokina.

Baban Tagwaye:

Kaka, na ji maganarki kuma ina girmama ta, amma ki yi min izini in ɗan saɓa. Ba kowace Zabura ce ta ƙaramin yaro da dare ba. Ayar ƙarshe ta 137, wadda ta ambaci jariran Babila, da la'anonin da ke cikin 109, sai an zauna an bayyana bauta da zaluncin da suka haifi irin wannan kuka. Ba a jefa wa 'yar shekara biyar a ce ta je ta kwanta.

'Yar'uwa, wa ya ce dole ki bi su a jere daga 1 zuwa 150? In kina son su koyi kuka a gaban Allah, fara da 13. Ayoyi 6 ne, sau huɗu yana tambayar har yaushe, sannan ya juya ga dogara. Ga 121 ga mai shirin tafiya, ga 117 mai ayoyi 2 da za su haddace a zama ɗaya, ga 148 inda har dabbobi da ƙanƙara ake kira su yi yabo. Tagwayena sun fi son wannan.

Kuma baitocin nan naki, me ya sa kike ɓoye su? Maryamu ta yi tata waƙar a Luka 1, Hannatu ma a 1 Sama'ila 2, duk iyaye mata ne.

Maman Uku:

Na gode ƙwarai. Malam, mun gwada 136, har maigida ya shiga amshi, autar kuwa ita ke ɗaga murya fiye da kowa. Babban yanzu da fensir yake bin ayoyi yana neman ɗangon da ya amsa ɗan'uwansa.

Kaka, Allah ya ƙara miki ta'aziyya. Zan karanta 88 ni da babban mu biyu, da rana, don ya samu damar yin tambaya. Ƙananan zan fara musu da 13.

Baban Tagwaye, batun baitocina ina addu'a a kai, akwai waɗanda na rubuta lokacin da na yi ɓari, ban san ko zan iya furta su a gaban yara ba. Amma ka faɗa min, da kuka zo 119 mai ayoyi 176, kashi-kashi kuka bi ta, takwas-takwas yadda aka tsara ta, ko zaɓen ayoyi kuka yi?