Shawarwarin da aka bayar kan hawan hanyoyin ƙauyen dutse

Ga abin da na tattaro:

1. Kusan kowa ya ce a yi sammako, don hadari ya fi haɗuwa bayan azahar.
2. A riƙe rigar sanyi ko rana ta ƙwalle. Duk hawan mita 1,000, zafi kan ragu da wajen digiri 6.
3. Gangara ta fi hawa cin gwiwa, sabon takalmi kuwa bororo yake jawowa.
4. Kada a ratsa gonakin mutane.

An rabu kan ɗan jagora. Wasu sun ce taswirar waya ta isa, in an sauke ta tun akwai sabis. Wasu suka ce in hazo ya rufe, waya ba ta san inda ƙasa ta zaftare ba. Ni dai ina bayan masu cewa a ɗauki ɗan jagora.