Rigimar yaro da ƙin abinci: shawarwarin masu reno

Abin da masu reno suka fi nanatawa shi ne, ɗan shekara 2 yana birgima ne saboda bakinsa bai iya faɗin damuwarsa ba. Idan ana so a taimaka masa da zane, kada a miƙa masa takarda yana tsakiyar kuka. A bari ya huce, sannan a ba shi alli ya yi zane minti 10.

Fentin da zai yi zane da shi kuwa, a dama garin masara, a sa zoɓo don ja, kurkum don rawaya, tunda komai baki yake kaiwa. Wannan na taimakawa wajen ƙin abinci: yaron da ya saba cakuɗa abu da hannu ya fi saurin taɓa fate. Ɗura ce aka fi tsawatarwa a kai: tana shaƙe yaro, ta sa ya tsani kwano. Sabon abinci kan ɗauki gwaji 10 ko fiye kafin ya karɓa.