Alƙalamin feshi na farko: mai aiki ɗaya ko mai aiki biyu?

Ɗan koyo: Assalamu alaikum, manya. Wata huɗu ke nan ina koyon gyaran fatar dabba a mayar da ita surarta kamar tana raye. Na haɗa karfasa biyu da kan rago ɗaya. Da suka bushe, karfasar ta koɗe fat, ta koma kamar kifin banda. Saura fenti. An ce mini sabon shiga kada ya taɓa alƙalamin feshi (ƙaramin abin fesa fenti da iska, wato airbrush) mai aiki biyu, ya fara da mai aiki ɗaya. Haka ne?

Baban majema: Wa'alaikumus salam, yaro. Wanda ya gaya maka ya san aiki. Nemi Paasche H, mai aiki ɗaya ne, an kafa kamfaninsu a Shikago a 1904. Ka danna kunama iska ta fito, shi ke nan aikin yatsanka. Yawan fenti kuwa tun farko za ka saita shi da murɗa bakin. A waje iska da fenti suke haɗuwa, saboda haka wankinsa ba wuya, ba ya yawan toshewa. Yana zuwa da baki uku, lamba 1 da 3 da 5. Hankalinka ya tsaya kan kifin tukuna.

Mai fentin mota: Baba, a gafarce ni, ban yarda ba. Wahalar mai aiki biyu ana zuzuta ta ne kawai. Ka danna ƙasa iska ta zo, ka ja baya fenti ya biyo. Ni sati biyu na yi ina ɗige-ɗige a bayan kwali, hannu ya faɗa. In ya saba da mai aiki ɗaya, ranar da ya canza sai ya koma farkon karatu, ya kuma sayi abu sau biyu.

Baban majema: Kai ƙofar mota kake fesawa, in ta ɓaci ka goge. Fatar kifi ba ta jure gugar tina, ruwan nan na narkar da fenti, sau uku.

Hajiya mai zane: Baba, wannan ma hujja ce a kanka. Ka dubi karfasa da kyau: bayanta duhu, yana sassautowa a hankali har ya shige farin ciki, ga ratsi-ratsin nan na tsaye waɗanda da ƙyar ido ke kama su. Wannan shigewar launi cikin launi a ja ɗaya ake yin ta, kana rage fenti hannunka yana tafiya. Da mai aiki ɗaya sai ka tsaya, ka murɗa, ka gwada a takarda, ka dawo. Haka gefen idon ragon da cikin hancinsa, wurin bai kai faɗin farce ba, in fenti ya yi yawa sai ya taɓa gashi. Ni Iwata Eclipse HP-CS nake riƙewa, allurarsa milimita 0.35, kofinsa a sama yake, ɗigo biyar na fenti ya isa ka yi aiki. In kuɗi bai kai ba akwai Badger Patriot 105, allura 0.5, ta fi haƙuri da fenti mai kauri.

Na Shikago: Ƙanena, ana ta gardamar alƙalami an manta da kwamfiresa, injin da ke ba alƙalamin iska. Ni a kansa na sha kashi. Na farko da na saya ba tanki, ba matatar ruwa. Ina gab da gama wani kifi sai tiyo ya tofo ruwa, fentin kwana biyu ya yi dabbare-dabbare. A damina abin zai fi muni a wurinku. Ka nemi mai tanki, mai agogon saita iska, aikin yawanci tsakanin PSI (ma'aunin ƙarfin iska) 15 zuwa 30 ake yin sa. Kuma in daga Amurka za a kawo maka, ka duba wuta: tamu bolt 120 ce, ta Najeriya 230. Ka jona kai tsaye ya ƙone.

Mai fentin mota: Wannan gaskiya ne. Sannan maganar huhu. Fentin da ake sirkawa da tina, takunkumin kyalle ba ya tare tururinsa, sai mai gwangwanin gawayi. Ka fara da na ruwa, shi ma da takunkumi, taga a buɗe. Lokacin hunturu kuma ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin kafin ka fara, ƙura tana manne wa ɗanyen fenti.

Baban majema: Kan kwamfiresa da takunkumi ba ni da ja. Amma allurar 0.35 ɗin nan, ta faɗi sau ɗaya ta lanƙwashe, a ina yaron zai samo wata? Sai ya jira kaya daga waje, aiki yana zaune.

Hajiya mai zane: Sai ya haɗa da allura biyu da baki ɗaya na ajiya tun a sayen farko, Baba.

Ɗan koyo: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan fara da kwamfiresa mai tanki da takunkumi, sannan Patriot ɗin da allurar ajiya. Baba, in na gama kwalayen gwaji zan kawo maka karfasa ɗaya ka duba kafin in taɓa ta biyun.

Baban majema: Kawo ta. Ka taho da alƙalamin naka, in ajiye nawa kusa da shi mu fesa a kwali ɗaya.