Giya a gida? Abin da iyaye suka ce a Agege

A wani zama a Agege, an tattauna maganar masu cewa gara matashi ya sha giya gaban iyayensa da ya sha a ɓoye. Kusan kowa ya ƙi. Malamai suka ce ko kurɓi ɗaya haramun ne, kuma uban da ya miƙa kofin ya shiga zunubin. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ƙwaƙwalwa ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25, kuma mai farawa da wuri ya fi saurin kamuwa da jarabar giya. Gaskiyarta. Iyaye mata sun fi damuwa da giyar leda, wadda hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta sanar da hanawa a 2024 amma tana nan a tashoshin mota. Shawararsu: a san abokan yaro, a daina aikensa tasha da dare.